Daga Ƙofar Ya Falmata Zuwa Ƙofar Dada

Shekaranjiya da hantsi ina durƙushe a sabon layin da muke yi a bayan kasuwa, ku kuwa kuna kishingiɗe a kan mashinanku a inuwar darbejiya kuna jiran fasinja, sai na ji ɗayanku yana cewa wai wannan ai ba aiki ba ne, jera dutse ne kawai kamar yadda mai masa take jera masarta a faranti. Kuka yi dariya. Ni ma na yi, don ban karya kumallo ba a lokacin, kuma zancen masar ya yi min daɗi. To yau da yake ruwa ya hana ni aiki, ku ma ya hana ku, ku matso in ba ku labarin farantin.

Sunana Sani, amma a Garuwa in ba ka ce Sani mai pabe ba, gidan wani Sani mai gyaran rediyo za a kai ka. Pabe shi ne dutsen simintin nan da ake bugawa a inji, a shimfiɗa a layukan unguwa inda kwalta ba ta shiga. Sunan na Faransanci ne, tare da kayan aikin muka gaje shi.

Wannan dogon naku da ya yi karatu a Yola ya taɓa tsayawa a kaina yana koya min Turancin Ingila. Ya ce su abin da nake shimfiɗawa sitirit suke kiransa, kuma kalmar ba abu ɗaya take nufi ba. Hanya ce mai gidaje dama da hagu, ba irin wadda take ratsa daji zuwa Marwa ba. Mutanen da suke zaune a kanta, su ma gaba ɗayansu sitirit ne. Wanda ba shi da wurin kwana, sai a ce yana sitirit. Daga nan ya bugi ƙirji ya ce shi ma ɗan sitirit ne, wato idonsa a buɗe yake. Na dube shi, na dubi takalminsa fari fat wanda bai taɓa sanin taɓo ba, na ce Allah ya ƙara buɗewa. Amma ta biyun nan da ya faɗa ta zauna min, don mu ma haka muke cewa, layi ya yi baƙi, ko layi ya yi rashi, kuma ba ƙasar muke nufi ba. Mai aikina a gaban ƙofofin mutane yake wuni, yana jin ƙamshin miyarsu da faɗansu.

A hannun Baba Toma na koyi aikin. Mutumin Kayele ne, gajere, mai faɗin tafin hannu, Fillancinsa da Faransancinsa a cakuɗe suke, Hausarsa kuwa iya ta faɗa ce. Na zo masa da ƙarfina ina ganin washegari zan fara jera dutse. Ya miƙa min baro da shebur. Rani guda cur ban taɓa pabe ba sai dai in ɗauko in ajiye. Ina kwasar jan burji, ina kwasar yashin Binuwai, ina kafa turaku, ina riƙe bakin igiya yana can ɗaya gefen yana kanne ido yana cewa, "Sama kaɗan. Na ce kaɗan, kai, ba rufin ɗaki muke yi ba."

Abin da kuke gani a sama shi ne mafi sauƙi a aikin. Kafin dutse ya kwanta, an share ƙasa, an zuba burji, an jiƙa, an bi shi da injin dandaƙa har haƙoran mutum su riƙa kaɗawa. An kafa gefunan siminti da za su riƙe duwatsun kada su baje. An ɗaga tsakiyar layin kaɗan, abin da muke kira doro, don ruwa ya gangara lambatu ya bar zaurukan mutane lafiya. Sai a zuba yashi a ja shi da dogon katako har ya kwanta sumul. Daga nan ko kaza ba mu yarda ta taka ba, kuma kajin Garuwa ba su jin magana. Mai jerawa a kan duwatsun da ya riga ya jera yake durƙusawa, ya miƙa hannu gaba, ya ajiye, ya buga da guduma mai kan roba. Muna ɗaura guntun taya a gwiwa. Yatsu kuwa ba su da taya, siminti yana cinye fatarsu har ka kasa cin tuwo mai zafi. Ku kalli hannuna in kuna so, ba na karɓar kuɗin kallo.

Akwai doka guda da Baba Toma ba ya sassautawa: daga gangare ake farowa, a yi sama. In ka faro daga tudu, nauyin duwatsun zai riƙa tura su ƙasa a hankali, su buɗe baki, damina ɗaya ta kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu. Wannan dokar ce ta haɗa ni da tsofaffi biyu a wani layi a Jambutu.

Layin dogo ne, mai gangara. A can sama, kusa da inda ruwan babban titi yake kwararowa, zaizaya ta haƙa kwari a ƙofar wani gida, har sai da aka gitta katako ake takawa. Gidan Dada Habiba ke nan, tsohuwar Bafulatana, siririya, mai kaifin baki, gwiwoyinta sun gaji, idonta kuma ya fara hazo. Tun da ta taɓa zamewa a kan katakon nan ba ta sake ƙetara shi ba. Kullum tana bakin zaure a kan kujerarta 'yar tsugunno tana mulkin duk wanda ya wuce. A can ƙasa kuma, gidan ƙarshe, nan Ya Falmata take, Babarbariya, mai jiki, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Tun suna amare suke ƙawance, tare suka yi goyo, tare suka aurar da 'ya'ya. Layi ɗaya suke, amma damina biyu ta wuce ba su sa juna a ido ba, saboda tsakaninsu ramuka ne da kwazazzabai.

Kun san Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba a gaisawa sai an tsokani juna, kowa yana cewa ɗaya bawansa ne. To ranar da muka kafa turakun farko a ƙofar Ya Falmata, aka aiko wai Dada tana kiran shugaban masu aiki. Baba Toma ya ce ba ya jin Hausa a ranar, ya tura ni.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba sai da ta gama kallona sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai ne Bahaushen da ya fara yi wa baiwa titi kafin uwargijiyarta?"

Na ce, "Dada, ba raini ba ne. Aikin ne haka, daga ƙasa ake farowa."

"Daga ƙasa ake farowa, ko daga inda ake dama muku kunun gyaɗa? Ina jin ƙamshinsa daga nan, kada ka yi min ƙarya."

Na rantse ban sha ba, alhali kofin yana nan a gindin barona. Na yi mata bayanin nauyin dutse da gangara. Ta saurara tsaf, sannan ta ce duk ta gane, cin hanci ne. Ta ce in na koma in gaya wa mai zanen fuskar nan ta share tsakar gida ta tanadi tabarma mai kyau, don ranar da titi ya iso sama, da ƙafarta za ta sauko duba dukiyarta.

Na kai saƙo. Ya Falmata ta yi dariya har tana tari, ta ce, "Ɗana, ka ce wa mai tallan nonon nan, in ta taso ta sa duwatsu a zaninta, kada iska ta kai ta Cadi."

Shi ke nan na zama ɗan aike. In na tura baro sama, da zagi a ciki, in na gangaro, da wani. Wani lokaci har da kwano, Ya Falmata ta aika da dambu ta ce sadaka ce ga miskinai, Dada ta mayar da kwanon cike da fura ta ce a ba bayi su ji abin da 'ya'ya suke sha. Baba Toma yana ta mita wai ya ɗauki lebura ya samu ma'aikacin gidan waya, amma in furar ta zo shi yake fara miƙo kofi.

Na taɓa tambayar ɗan Dada, wani magidanci mai sayar da shanu, me ya hana a ɗauke ta a ƙetarar da ita, a sa ta a mota a zagaya da ita ta bayan unguwa. Ya riƙe baki ya ce in ina son raina kada in faɗa a gabanta. Sun gwada. Ta ce ita ba buhun auduga ba ce, ba za a saɓa ta a gaban surukai tana numfashi ba. Balle a shigar da ita gidan Babarbariya a kafaɗa, ai har kabari za a bi ta da gori. Ita ma Ya Falmata da aka yi mata tayin haka, cewa ta yi ina aka taɓa ganin uwargijiya ta je gaishe da baiwa. Muna dariya, amma kowa a layin ya san kewar juna ce take cin su.

Aiki ya yi ta hawa. Kowace safiya Dada sai ta sa a duba mata inda muka kai, ta ce tafiyarmu ta hawainiya ce. Mun wuce rabi da kyau, har muna jiyo muryarta ba sai an aiko ba, sai shekarar ta juya mana baya.

A sana'ar nan kowa yana da shekarar da ba ya son tunawa, tawa ita ce wannan. Motar da take kawo pabe ta fara zuwa jefi-jefi, daga baya ta daina. Ɗan kwangilar da ya ba mu aikin ya daina ɗaga waya. Sannan ruwa ya sauko da wuri, irin mai zuwa da ƙarfinsa. Yashin da muka ja sumul muna jiran duwatsu, ruwa ɗaya ya wanke shi ya mayar wa Binuwai kayanta. Burjin da muka dandaƙe ya tsattsage. Wanda bai taɓa ganin aikin hannunsa yana bin lambatu ba, ba zai gane ba, ni dai na tsaya a cikin ruwan ina kallo kamar wawa. Aka watse. Baba Toma ya koma Kayele gonar audugarsa, ni na koma bakin kogi lodin yashi, wanda shi ne aikin da na fi tsana a duniya. Layin ya zauna rabi da riga rabi tsirara, kwarin ƙofar Dada kuwa ya ƙara zurfi.

Na daina bi ta wajen don kunya. Sai can wajen ƙarshen damina na ji a bakin wani mahauci cewa Ya Falmata tana kwance, jiki ya yi nauyi. Na saya mata lemo na je. Na same ta a ɗaki ta rame, muryar nan mai cika gida ta koma kamar ta yarinya. Ta gane ni.

Ta ce, "Ɗan aikena, ka gudu da saƙonni."

Na ce aiki ne ya tsaya, Ya.

Ta ce, "To ga na ƙarshe. Ka hau ka ce wa baiwar nan, in titin gwamnati take jira, za ta zo ta tarar an naɗe tabarmar."

Na hau ina tsallake ramuka, na ƙetare katakon, na faɗa wa Dada kamar yadda aka faɗa min. Na tsaya ina jiran amsa, don ban taɓa kawo mata magana ta kwana ba a rama ba. Ta gyara mayafinta, ta dubi kwarin da ke gabanta, ta ce, "Ka gaida gida, Sani." Ranar ce ta fara kiran sunana, kuma ban ji daɗin jin sa ba ko kaɗan.

Daga nan na kira Baba Toma. Na ce ba titi nake so mu yi ba, 'yar hanya ce, faɗin mutum ɗaya da sandarsa. Ya ce da wane dutse? Na tuna masa da tarin da ya sa muka ware a gefe, masu gutsurarren kunne da masu tsaga, waɗanda aka ce a zubar. Ya yi tsaki ya ce shi bai taɓa jera dutsen da ya ƙi ba, kuma audugarsa tana buƙatarsa, kuma ni ban da hankali. Washegari da azahar sai ga shi ya sauko daga mota da igiyarsa da gudumarsa a cikin buhu.

Muka je wurin jauro, wato mai unguwa, ya ba da izini. Abin da ya biyo baya ban roƙi kowa ba. Magidanta suka fito da ɓaraguzan gini aka cika kwarin, masu shanu suka ba da amalanke aka kawo burji, mata suna miƙo ruwa ta kan katanga. Injin dandaƙa ya tafi da ɗan kwangila, don haka da taɓarya da guntun gungume aka daka ƙasar, matan layin suna yi mana dariya wai ashe maza ma sun iya daka. Ba mu da gefunan siminti, sai Baba Toma ya sa muka kafa wasu duwatsun a tsaye suka zama shinge. Kuma duk saurin da muke yi, daga inda tsohon aiki ya tsaya ya faro, ya yi sama. Ɗan Dada ya roƙe shi a fara gyara ƙofar tsohuwa ko hankalinta ya kwanta. Ya ce a'a. Ya ce in an yi don tsohuwa ta taka, to a yi wanda ba zai kayar da ita ba.

Kowane dutse sai ya juya shi ya nemi gefen da ya fi lafiya, ya haɗa mai gutsure da mai gutsure. Ban taɓa ganin aiki mai muni da ƙarfi irin wannan ba. Kullum da safe kafin mu fara, sai in leƙa gidan Ya Falmata in ji ko ana kuka. In na ji shiru, in dawo in ɗauki guduma.

Ranar da dutsen ƙarshe ya kwanta a bakin zauren Dada, muka share yashi ya shiga tsakankaninsu, na shiga na ce mata hanya ta iso. Ta ce ta ji, ai ba kurma ba ce, kwana nawa muna hana ta barcin rana. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da zani sabo da 'yan kunnenta na azurfa, da ƙwaryar fura a hannun jikarta. Ɗanta ya miƙa hannu zai riƙe ta, ta harare shi. Sai na ɗauko katakon da muke jan yashi da shi, na riƙe baki ɗaya, na miƙa mata ɗayan, na ce doka ce, duk wanda zai fara taka sabon aiki sai ya riƙe ma'auni. Ta san ƙarya nake yi. Ta kama.

Muka gangara, ni a gaba ina tafiya da baya-baya, ita tana taka ɗaya tana hutawa. Duk layin an fito ƙofa ana kallo, ita kuwa tana cewa duwatsun nan kamar haƙoran tsohon jaki. Baba Toma yana biye a baya yana cewa a Fillanci ai jakin ya kai ta inda za ta.

Da muka isa ƙofar ɗakin Ya Falmata, Dada ta saki katakon ta shiga ita kaɗai. Ina tsakar gida na ji muryar Ya Falmata can ƙasa-ƙasa.

"Sai yanzu baiwa take zuwa gaisuwa?"

"Na tsaya ne a gama min titi. Mu ba ma taka ƙasa kamar wasu."

Sai dariya, sai tari, sai kuma aka saki labule. Muka zauna a waje ni da Baba Toma har la'asar muna jiyo su, wani lokaci faɗa, wani lokaci dariya. Bayan nan kusan kullum sai ta sauka, jikarta tana riƙe mata bakin sanda.

Ba a yi wata guda ba Ya Falmata ta rasu. Na je gaisuwa ranar sadakar uku, ina fitowa sai ga Dada ita ma ta fito za ta koma gida. Mata sun ce tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, tana zaune ƙyam tana karɓar gaisuwa, har tana yi wa masu kuka faɗa. Irin tarbiyyarsu ke nan, babba ba ya karyewa a gaban mutane. Ta ce wa jikar ta wuce gaba, ni zan raka ta.

Mun kai tsakiyar 'yar hanyar, inda ba ƙofar kowa, sai ta tsaya. Ta buga wani dutse da sandarta.

Ta ce, "Sani, wannan yana rawa. Aikin Hausawa ke nan. Gyara shi yanzu, ina tsaye."

Na taka shi. Dutsen nan ko motsi ba ya yi, Baba Toma ne ya kafa shi da hannunsa. Na ɗago zan faɗa mata, sai na ga ta juya fuska wajen katanga, ta ja mayafi, kafaɗunta suna girgiza.

Na durƙusa na ba ta baya. Ba ni da guduma a ranar, sai na samu wani guntun dutse a gefe na yi ta bugun lafiyayyen pabe, ina tsaki, ina zagin yashi, ina cewa lallai wannan ya lalace, zai ɗauki lokaci. Wani mai mashin ya taho, na ɗaga masa hannu na ce ana aiki, ya zagaya. Ban san iya daɗewar da na yi ina bugu ba, gwiwata dai ta faɗa min, don babu taya a kanta.

Can na ji ta fyace hanci, ta gyara murya.

Ta ce, "Ya zauna?"

Na ce, "Ya zauna, Dada."

Ta ce, "To tashi mu tafi. Yanzu ba ni da wanda zan aike ka wurinsa."